Zambon Da Ya Shekara 400: Shakespeare Da Sarki Mai Ƙusumbi

Jama'a masu karatu, yau zan ɗan ajiye littattafanmu na gida in kai ku Ingila ta shekara 400 da 'yan kai da suka wuce, domin akwai wata magana a can da nake ganin ta shafi duk mai karanta ƙagaggen labari da duk mai rubuta shi.

Wanda ya saba sauraron mawaƙan fada ya san waƙar sarauta ƙafa biyu gare ta, wato yabo da zambo. Mawaƙi zai wasa ubangidansa ya kai shi inda ba a zato, sannan ya juya kan ɗan sarkin da aka kayar wajen neman sarauta, ya kama hancinsa ko tumbinsa ko irin tafiyarsa ya mayar abin dariya. Mai sauraro ya san zambo ne. Zai yi dariya, zai yi kari, amma ba zai ɗauki waƙar ya kai gaban alƙali a matsayin shaida ba. Inda matsala take shi ne idan zambon ya cika daɗi, ya daɗe a bakin mutane, har jikokin jikoki suka manta asalinsa suka mayar da shi tarihi.

Abin da ya sami Sarki Richard na Uku na Ingila ke nan a hannun William Shakespeare. Da yawanmu mun haɗu da Shakespeare a ajin adabin Turanci na sakandare, wasu kuma ta fassarar nan ta marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya mai suna Daren Sha Biyu. An koya mana cewa gwani ne, kuma babu musu a kan haka. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne mutumin yana rubutu ne a ƙarƙashin gidan sarautar da ya ci yaƙi, yana cin abinci da izinin fada. Ra'ayina a taƙaice shi ne, a wasanninsa na tarihi, mamacin da ya bar magada masu faɗa a ji alƙalaminsa yakan kewaye shi, mamacin da bai bar kowa ba kuwa shi ake ɗora wa kaya. Bari in kawo hujjojina, mai karatu ya yi alƙalanci.

Daga 1455 zuwa 1485 gidaje biyu da suka fito daga tsatso ɗaya, York da Lancaster, suka yi ta gwabza yaƙin basasa a kan gadon sarautar Ingila. Sarki Edward na Huɗu na gidan York ya rasu a watan Afrilu 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu, ɗan shekara 12 da ɗan shekara 9. Aka ba baffansu Richard riƙon ƙwarya. Kafin wata uku ya cika abubuwa sun juya. Richard ya sa aka kama kawun yaran, Anthony Woodville, aka kashe shi a Pontefract. Ranar 13 ga Yuni aka fitar da Lord Hastings, aminin marigayi sarki, daga zauren shawara aka fille masa kai ba tare da shari'a ba. Sai aka yi shela cewa auren Edward da uwar yaran bai halatta ba, wai akwai alkawarin aure tsakaninsa da wata mata tun kafin nan, don haka yaran ba su da gado. Ranar 6 ga Yuli 1483 aka naɗa Richard. Yaran kuwa suna tsare a Hasumiyar Landan, bayan 'yan watanni ba a sake ganinsu ba.

Shekara biyu kacal ya yi a kan karaga. Ranar 22 ga Agusta 1485 ya haɗu da Henry Tudor a filin Bosworth. Henry ya shekara 14 yana gudun hijira a ƙetare kafin ya dawo da mayaƙa. Ana cikin ɗauki-ba-daɗi Richard ya hango tutar Henry, ya yi sukuwa kanta da barade kaɗan, har ya kashe mai riƙe da tutar. A nan ne dakarun Sir William Stanley, waɗanda suka ja gefe suna kallon inda za ta faɗi, suka auka cikin yaƙin a ɓangaren Henry. Aka kashe Richard yana da shekara 32, kuma shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama. Aka tuɓe gawarsa, aka ɗora ta a kan doki zuwa garin Leicester, aka nuna wa jama'a, sannan aka binne ta cikin gaggawa a wata majami'ar 'yan zuhudu. Ɗansa na aure guda ɗaya ya riga shi rasuwa a 1484, matarsa Anne kuma ta rasu a watan Maris 1485. A riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: Richard ya tafi bai bar magajin da zai tsaya masa ba.

Yadda aka dafa labarin

Henry na Bakwai ya san hujjarsa ta gado mai rauni ce, domin ta wajen uwa ya samo ta, daga wani reshe da asalinsa ba ta hanyar aure ba. Wanda ya karɓi sarauta da takobi kuwa yana bukatar ya nuna cewa ceto ya zo yi. Majalisarsa ta farko ta ƙidaya mulkinsa daga 21 ga Agusta, wato kwana ɗaya kafin yaƙin, domin duk wanda ya tsaya tare da sarkinsa a Bosworth ya zama maci amanar ƙasa. Dokar da ta tabbatar wa Richard sarauta kuma aka soke ta, aka ba da umarnin a lalata duk kwafinta ba tare da an karanta ba.

Sai malamai suka shigo. Akwai wani malamin coci a Warwick mai suna John Rous, wanda lokacin da Richard ke raye ya rubuta yabonsa a matsayin adalin shugaba. Da mulki ya juya, Rous ɗin nan ya sake rubutu ya ce Richard ya shekara biyu a cikin uwarsa, ya fito da haƙora da gashi har kafaɗa. Alƙalami ɗaya ne fa, sarkin ne ya canja. Bayansa sai Polydore Vergil, mutumin Italiya, wanda Henry na Bakwai ya ƙarfafa wa guiwa ya rubuta tarihin Ingila, aka buga littafin a 1534.

Wanda ya fi kowa tasiri shi ne Thomas More, wanda ya rubuta tarihin Richard wajen 1513. Ba zan kira More ɗan amshin Shata ba, domin mutum ne da ya gwammace a sare masa kai a 1535 da ya bi son zuciyar Henry na Takwas, kuma littafin ma bai gama shi ba, bai buga shi ba a rayuwarsa. Sai dai shekararsa 7 lokacin yaƙin Bosworth, kuma yana yaro ya yi hidima a gidan John Morton, babban limamin coci da Richard ya taɓa tsarewa, wanda kuma ya yi wa Henry aiki wajen kayar da shi. A littafin More ne muka ga sarki mai doro da shanyayyen hannu. Rous ya ce kafaɗar dama ce ta fi tudu, More ya ce ta hagu ce. Daga More labarin ya shiga littafin tarihi na Edward Hall a 1548, daga nan ya shiga na Raphael Holinshed, wanda bugunsa na biyu na 1587 shi ne rumbun da Shakespeare ya riƙa ɗiba. Ashe ke nan kafin ya taɓa tukunyar an shekara 100 ana zuba mata kayan haɗi.

Gishirin da gwani ya ƙara

Wajen 1592 ko 1593 ya rubuta wasan Richard na Uku, lokacin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, jikar Henry na Bakwai, tana kan mulki. Ya ɗauki sarki mai doro ya ba shi ƙusumbi da ɗingishi, sannan ya ba shi abin da babu wani malamin tarihi da ya taɓa ba shi, wato baki mai daɗi. Richard na Shakespeare yakan juyo ya fuskanci 'yan kallo ya gaya musu muguntar da zai ƙulla, yana ba su dariya, har su ji kamar da su ake yi. A zamanin kuwa mutane sun yarda cewa karkataccen jiki alamar karkatacciyar zuciya ce, don haka da zarar ɗan wasa ya fito yana jan ƙafa an gama shari'a.

Dubi kayan da aka ɗora masa. A wani wasan da ya gabaci wannan, Shakespeare ya nuna Richard yana kashe basaraken Somerset a yaƙin St Albans na 1455. An haifi Richard a watan Oktoba 1452, wato bai cika shekara 3 ba a ranar. An nuna shi ne ya ƙulla kisan yayansa Clarence, alhali Sarki Edward da kansa ne ya gurfanar da Clarence gaban majalisa a 1478 aka yanke masa hukuncin kisa. An kawo tsohuwar Sarauniya Margaret tana yawo a fadar Ingila tana tsine masa, alhali ta daɗe da komawa Faransa, can ta rasu a 1482 kafin ya hau mulki. An nuna yana da hannu a mutuwar matarsa, alhali jinya ta yi ta rasu.

Su wa ke kallon wannan? Landan ta wajen 1600 tana da mutum kusan 200,000, akasarinsu ba su iya karatu ba. Da kwabo 1 mutum zai shiga gidan wasa ya kalla a tsaye, kuma gida irin Globe da aka gina a 1599 yana ɗaukar mutum kusan 3,000. Dako da ɗan koyon sana'a da mai sayar da giya ba za su taɓa buɗe littafin Holinshed ba, dandamalin nan shi ne makarantarsu ta tarihi. Wasan ya karɓu har aka buga shi sau 6 tsakanin 1597 da 1622. Wani malamin coci kuma mawaƙi mai suna Richard Corbet ya ba da labarin ziyarar da ya kai Bosworth wajen 1620, inda mai masaukinsa ya zaga da shi filin yaƙin yana nuna masa nan aka yi kaza, can aka yi kaza. Da ya zo kan mutuwar sarkin, maimakon ya ambaci sunan Richard sai ya ambaci Burbage, wato ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Richard a Landan. Mutumin yana zaune a bakin filin da abin ya faru, amma tarihin da ke kansa daga dandamali ya zo.

Kada mai karatu ya ɗauka Shakespeare na da 'yancin rubuta abin da ya ga dama. Tun 1581 aka ba wani jami'in fada, Edmund Tilney, ikon tace wasanni kafin a nuna su. A 1579 an sare hannun dama na John Stubbs saboda ƙasidar da ya rubuta yana sukar shirin auren sarauniya da wani yariman Faransa. A 1597 an ɗaure Ben Jonson saboda wani wasa da hukuma ta ce yana tunzura jama'a. John Hayward ya buga littafi a 1599 kan yadda aka tuɓe Sarki Richard na Biyu, wani Richard ɗin daban da aka sauke a 1399, ya sadaukar da shi ga basaraken Essex. Aka jefa shi Hasumiyar Landan, bai fito ba sai bayan rasuwar sarauniya. Shi kansa Shakespeare yana da wasa kan wannan sarki, kuma an cire fitowar da ake tuɓe shi daga duk bugun da aka yi a rayuwar Elizabeth, ba a sa ta ba sai a 1608. Ranar 7 ga Fabrairu 1601 magoya bayan Essex suka biya ƙungiyar su Shakespeare ƙarin sule 40 don su nuna wasan tuɓe sarkin, washegari suka yi yunƙurin tawaye. Yunƙurin ya ci tura, aka sare kan Essex ranar 25 ga watan, aka kira ɗaya daga 'yan ƙungiyar, Augustine Phillips, ya amsa tambayoyi. Sun tsira, amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai ba sai an gaya masa ya shafa wa nasa ruwa ba.

Mai gata da marar gata

To a nan ne zancen ya fi daɗi. A wasan Henry na Huɗu akwai wani ƙaton tsoho mashayi, maƙaryaci, matsoraci, wanda duniya ta sani da suna Falstaff. Da farko ba haka sunansa yake ba, Sir John Oldcastle ne, mutumin gaske da aka kashe a 1417 saboda aƙidarsa ta addini da tawaye, wanda kuma ya riƙe sarautar Cobham ta hanyar aure. Sai aka yi rashin sa'a, masu riƙe da sarautar Cobham a zamanin Shakespeare manya ne a fada, har ɗayansu, William Brooke, shi ne shugaban ma'aikatan fada daga 1596 zuwa 1597, ofishin da mai tace wasanni ke ƙarƙashinsa. Ga shi kuma mabiya Furotesta suna ɗaukar Oldcastle a matsayin wanda ya mutu don addini. Nan da nan aka canja suna, har a ƙarshen kashi na biyu na wasan aka sa ɗan wasa ya fito ya wanke kansu cewa ba Oldcastle ake nufi ba. Sunan wa aka ɗauko a madadinsa? Aka ɗan murɗa na Sir John Fastolf, tsohon sojan yaƙin Faransa da aka taɓa zargi da gudu a yaƙin Patay na 1429, aka bincika aka wanke shi. Fastolf ya rasu a 1459 bai bar ɗa ba. Babu wanda zai kai ƙara.

Misali na biyu shi ne Macbeth. A 1603 James na Sikotland ya gaji Elizabeth, ya ɗauki ƙungiyar su Shakespeare ta zama ta sarki. Wajen 1606 aka rubuta Macbeth. A littafin Holinshed, Banquo abokin ƙulla makirci ne, da saninsa aka kashe Sarki Duncan. Amma gidan su James suna da'awar cewa daga Banquo suka fito, sai ga Banquo a wasan ya fito fes, mutumin kirki da aka zalunta. Macbeth na gaskiya kuwa a fagen yaƙi ya kashe Duncan a 1040, ba a kan gado cikin dare ba. Duncan ɗin ma saurayi ne, ba dattijon da muke gani a wasan ba. Macbeth ya yi shekara 17 yana mulki, ƙasar ta natsu har ya iya barinta ya kai ziyara Rum a 1050. Sai dai zuriyar Duncan ce ta ci gaba da sarauta har zuwa kan James. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ko a cikin wasan Richard na Uku ma akwai irin wannan. Thomas Stanley, wanda a Bosworth ya tsaya yana jiran ya ga mai rinjaye, an fito da shi uba mai tausayi da ke taimakon gaskiya a ɓoye. Zuriyarsa su ne masu sarautar Derby a zamanin Shakespeare, kuma ɗayansu, Ferdinando Stanley, uban gidan wata shahararriyar ƙungiyar 'yan wasa ne.

Sannan a lura da abin da ba a rubuta ba. Henry na Bakwai ma ya tsare wani yaro a Hasumiyar Landan, wato Edward na Warwick, ɗan Clarence, tun yana shekara 10, don kawai jininsa na iya neman sarauta. Ya shekara 14 a tsare, aka sare masa kai a 1499. Yayarsa Margaret Pole kuma Henry na Takwas ya sa aka sare nata a 1541 tana tsohuwa mai shekara 67. Shakespeare ya rubuta wasanni a kan sarakunan Ingila a jere daga Richard na Biyu har Richard na Uku, amma bai rubuta na mulkin Henry na Bakwai ba. Wasan Henry na Takwas da ya rubuta tare da John Fletcher wajen 1613 kuwa a bikin sunan jaririya Elizabeth ya tsaya, bai kai ga ranar da aka sare kan uwarta ba.

Da ƙasusuwa suka fito

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin ya yi nisa ƙwarai kafin a kai ƙarshensa. Majami'ar da aka binne Richard an rushe ta bayan 1538, wurin ya ɓace a ƙarƙashin gine-gine. A watan Agusta 2012, bisa naci na Philippa Langley da ƙungiyar masoya Richard, masana daga Jami'ar Leicester suka haƙa wani wurin ajiye motoci na ƙaramar hukumar garin, suka tarar da ƙwarangwal. Ranar 4 ga Fabrairu 2013 jami'ar ta sanar cewa shi ne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta da aka gwama da na zuriyar yayarsa Anne.

Ƙasusuwan sun nuna ƙashin bayansa ya karkace gefe tun yana matashi, abin da zai sa kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu tudu, kamar yadda Rous ya faɗa. Tela mai kyau da rigar sulke za su iya ɓoye hakan. Babu ƙusumbi irin na dandamali, hannayensa biyu lafiyayyu ne, ƙafafunsa ba su nuna alamar ɗingishi ba. An ƙirga raunuka 11 a jikinsa, 9 daga ciki a kai. Wato dai an sami ƙwayar gaskiya guda aka dasa, aka yi ta ban ruwa har ta zama kuka. Ranar 26 ga Maris 2015 aka sake binne shi a babbar majami'ar Leicester.

Masu cewa ai wasa ne

Na san wani zai ce, malam, ai Shakespeare bai taɓa cewa shi malamin tarihi ne ba, wasa ya rubuta, kuma marubuci na da damar ya matse shekara 12 cikin awa 3, ya tara laifin mutum biyar a kan ɗaya don labari ya yi armashi. Na yarda da rabin wannan magana. Wasan ya faɗi gaskiya mai yawa game da yadda azzalumi ke hawa mulki: masu tsoro, masu kwaɗayi, masu cewa ba zai kai kanmu ba, da talakawan da ke gani su yi shiru. Wannan darasi zai tsaya ko da sunan sarkin ƙagagge ne. Sai dai ba ƙagagge ba ne. Sunan mutumin gaske ne, an kuma sayar da wasan a matsayin labarin rayuwarsa da mutuwarsa. Damar da marubuci ke da ita ta gyara labari, me ya sa kullum gefe ɗaya take karkata? Da don armashi kawai ake yi, da Banquo ma ya sami rabonsa na baƙin fenti, domin labarin amini da aka haɗa baki da shi sannan aka kashe shi ba ƙaramin armashi gare shi ba.

Wani kuma zai ce to ai Richard ɗin ba waliyyi ba ne. Haka ne, idan ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Kisan Hastings babu shari'a ba Tudor ne suka ƙaga ba. Yaran a hannunsa suke lokacin da suka ɓace, kuma bai taɓa fito da su ya kashe bakin masu tsegumi ba. Dominic Mancini, wani ɗan Italiya da ke Landan a 1483, ya rubuta rahoto kafin ƙarshen shekarar cewa mutane na kuka suna zargin an kawar da yaron sarkin, wannan kuwa tun Henry Tudor bai ga karaga ba. Akasarin masana tarihi sun fi karkata ga cewa alhakin yaran yana wuyansa. Amma mutumin nan dai shi ne majalisarsa ta 1484 ta yi dokar ba da belin wanda ake tuhuma, ta hana ƙwace kayansa kafin a same shi da laifi, ta soke tilasta wa mutane ba sarki kuɗi da sunan kyauta, ta kuma cire littattafai daga takunkumin da aka sa wa 'yan kasuwar ƙetare. Hukumar birnin York, inda ya daɗe yana shugabancin arewacin ƙasar, ta rubuta baƙin cikinta da kisansa a kundinta washegarin yaƙin, lokacin da yin hakan ke da haɗari. Maƙwacin sarauta ne a zamanin da ƙwace ya zama ruwan dare, mai laifi kamar waɗanda suka gabace shi da waɗanda suka gaje shi. Shi kaɗai aka mayar dodo.

Masu kare shi ma kada a ɗauke su alƙalai. Sir George Buck, wanda ya fara rubuta littafin wanke Richard a 1619, kakan mahaifinsa ya yi yaƙi a ɓangaren Richard a Bosworth ya rasa ransa a dalilin haka. Naka sai naka. Horace Walpole ya kawo nasa shakkun a 1768, amma talaka bai ji ba. Abin da ya juya tunanin dubban mutane a ƙarshe wani ƙagaggen labarin ne, The Daughter of Time na Josephine Tey da ya fito a 1951, wanda shi kuma ya wanke Richard fiye da yadda hujjoji suka ba da dama. Ka ga ke nan sau biyu ana yanke wa mutumin nan hukunci a kotun jama'a, kuma duk biyun marubucin hikaya ne alƙali.

Shawarata ga 'yan'uwa masu karatu ita ce, a karanta Shakespeare, a ji daɗinsa, domin irinsa ba su da yawa. Amma duk lokacin da labari ya kama sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, a tambayi kai wa ke kan mulki ranar da aka rubuta shi, kuma wa mamacin ya bari da zai iya ɗaga murya. Ga marubutanmu masu sha'awar ɗauko labari daga tarihi kuwa, su tuna mai masaukin nan na Bosworth. Mutum dubu za su karanta littafinka, goma ne kawai a cikinsu za su nemi littafin tarihi su gwada, sauran abin da ka ba su shi za su gaya wa 'ya'yansu. Idan labarinka na bukatar mugu marar ko ɗigon alheri, ƙaga masa suna, babu mai tuhumarka. Idan kuwa ka ɗauko sunan gaske, to mamaci ma yana da haƙƙi, ko da bai bar wanda zai kai ƙara ba.

Allah ya sa mu dace.